Kyauta da Ganuwar Ƙi-Rusau

A zamanin da dajin da ke tsakanin kogin Marke da duwatsun yamma bai san gatari ba, lokacin da giwa ke fidda hanya mutum ya bi sawunta, an yi wata maharbiya ana ce da ita Kyauta 'yar Mayau. Ubanta maharbi ne, ya mutu ya bar 'ya'ya biyu. Babban, Jatau, tun tasowarsa hannunsa ya fi karkata ga gini, saboda haka baka da kwari suka faɗa hannun ƙanwarsa. Masu ba da labari sun ce doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan magana, kuma ba a taɓa ganin ta kashe kibiya biyu a kan dabba ɗaya ba. Maroƙa kan yi mata kirari su ce, "Kyauta ta Mayau, ƙaya a tafin giwa, mai zama inda zaki ya ƙi zama."

Wata shekara da bazara ta bi sawun wani gwanki kwana uku, har ya hau da ita kan wani dutse mai faɗi a samansa. Can ta iske shi tsaye a bakin wani tsagi, ruwa na ɓuɓɓugowa garai-garai, alhali duk rafukan ƙasar sun ƙafe. Ta ɗana kibiya. Gwankin ya juyo ya dube ta, bai gudu ba. Ta sauke baka, ta sha, shi ma ya sha, sannan ya shiga duhuwa, ba a ƙara ganinsa ba. Kyauta ta koma ta ɗauko wanta da iyalinsa, suka kafa bukkoki a gefen ruwan.

Ba a daɗe ba mutane suka fara isowa, wasu da tabon igiya a wuya, wasu da goyo da tukunya kawai. Gudun Duna sarkin Gwaska suke yi. Duna ya kafa doka a ƙasar: babu garin da zai yi ganuwa sai nasa, domin mayaƙansa su shiga kowane ƙauye a lokacin da suka ga dama, su buɗe rumbuna, su kwashi samari. Kyauta ba ta kori kowa ba. Da bukkoki suka haura ɗari, ta ce da wanta, "Yaya, mutanen nan sun gaji da gudu. Ka kewaye mana dutsen nan."

Jatau ya ce, "Kin san dokar Duna."

"Na sani. Ka fara daga kudu, can ne ya fi sauƙin hawa."

Rani uku suna aikin. Babu ƙasa a kan dutsen balle a yi tubali, sai Jatau ya riƙa ɗora dutse a kan dutse, yana juya kowanne har ya sami gefen da zai zauna, ba laka ba komai. Ganuwar ta yi tsayin mutum biyu, kaurinta kuwa jaki da kaya na iya tafiya a kai. Ƙofa ɗaya tak ya bar mata. Kusurwar gabas kaɗai ta rage ba ta kai tsayin sauran ba lokacin da manzon Duna ya iso.

Manzon ya tsaya a ƙofa yana jiran a durƙusa a karɓi saƙon sarki. Kyauta ta fito tana gyaran tsarkiyar bakanta, ta tsaya a tsaye.

Ya ce, "Sarki ya ce a rushe wannan abu kafin wata ya mutu."

Ta ce, "Da na zo nan, gwanki na tarar, ban tarar da Duna ba. Ka gaya masa wanda ya ɗora dutsen nan bai gaji ba tukuna. In shi yana da ƙarfin saukewa, hanya ga ta nan."

Duna ya zo da kansa a tsakiyar bazara, da rundunar da ta cika kwarin da ke ƙarƙashin dutsen. Sau uku suna hawa, sau uku ana mayar da su da kibau da duwatsu. A hawa na uku suka fasa wani gefe kusa da ƙofa, amma kafin su sake shiri mata da tsofaffi sun toshe gurbin. Mayaƙan suka fara raɗe-raɗin cewa ganuwar tsirowa take yi kamar dawa, kullum safiya sai su ga ta ƙara taƙi ɗaya. Ruwa ya yi musu wuya, suna tonon yashin kogi suna shan gurɓatacce, na kan dutse kuwa har wanki suke yi suna shanya tufafi a kan ganuwa don a gani.

A kwana na talatin Jatau ya sauka ta bayan dutsen da sassafe don ya duba gindin kusurwar gabas, sai 'yan kwanto suka kama shi. Da hantsi aka kawo shi gaban ƙofa a ɗaure, inda kowa zai gan shi. Duna ya matso iyakar inda kibiya ba ta kaiwa, ya ɗaga murya.

"'Yar Mayau, na sauƙaƙa miki. Ba sai kin rushe ba. Ki cire dutse ɗaya daga ganuwar nan da hannunki, ki kawo mini, ki ajiye a gabana. In kin yi haka na sakar miki wanki, na koma gida."

Kyauta ta yi tsaye a kan ƙofa, gumi na bin wuyanta. Matar Jatau ta kama ƙafarta tana kuka. Dattawa suka ce, "Uwar gari, dutse ɗaya ne fa. Muna da dubu." Ita kuwa ta san abin da Duna yake nema. Zai ɗauki dutsen nan a zagaya da shi kasuwa-kasuwa, a ce ga shi, ita ma ta miƙa wuya, baɗi kuma ya dawo neman na biyu, ba wanda zai ƙara ɗaga baka a kansa. Amma wanda ke ɗaure a ƙasa shi ne ya goya ta ranar da aka binne uwarsu. Hannunta ya kai kan wani ɗan dutse a saman ganuwar, ta ji yana motsi, ba wuya a cire shi.

Sai Jatau ya ɗaga kai. Bai dubi Duna ba. Ya yi magana kamar yadda ya saba yi a wurin aiki.

"Kyauta, na duba gindin gabas, lafiya lau yake, zai ɗauki nauyi. Saura kamu biyu. Ki sa a ƙarasa."

Ta ce, "Na ji, Yaya."

Ta janye hannunta. Ta sauka cikin gari, ta ɗauki wani ƙaton dutse a ƙasa, ta ɗora a ka, ta bi saman ganuwa da shi a hankali, rundunar duka na kallo, har kusurwar gabas, ta aza shi. Matar Jatau ta share hawaye ta ɗauko nata. Dattawa suka bi baya, sannan gari duka. Suna cikin ɗorawa aka kashe Jatau. Kyauta ta ji kururuwar da ta tashi, ba ta waiwaya ba sai da kusurwar ta yi daidai da sauran.

Da la'asar ta sa aka buɗe ƙofa. Ta fita ita kaɗai, ba baka ba wuƙa, ta ratsa tsakiyar mayaƙa. An ce duk wanda ta doso sai ya ji mashinsa ya yi nauyi ya kauce. Ta tsaya a gaban Duna.

Ya ce, "Kin zo roƙo?"

Ta ce, "Na zo ɗaukar wana. Kai kuma ka dubi gabas da kyau kafin ka tafi, aikinsa ne."

Ta saɓa gawar a kafaɗa ta hau da ita, aka binne shi a gindin kusurwar. Bayan kwana biyu ruwan shuka ya sauka. Mayaƙan Duna, da yawansu manoman da aka kwaso da ƙarfi ne, suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wasu ma suka hau dutsen suka nemi a buɗe musu. Duna ya kwashe sauran ya koma. A shekarar nan ƙauyuka goma sha ɗaya suka tayar da ganuwa, bai iya hana ko ɗaya ba. Tun daga nan aka sa wa garin suna Ƙi-Rusau, aka ƙara wa Kyauta kirari: "Gwiwa ba ta san ƙasa ba, uwar masu ɗorawa."

Ta rayu har bakanta ya fi ƙarfin hannunta. Ba a taɓa cin garin da yaƙi ba. Da duniya ta kwanta, jikokin jikokinta suka sauka da ƙafarsu suka koma kwari, kusa da gonaki da kasuwa, dutsen ya zama kufai.

Wanda ya je yau zai bar mota a bakin hanya, ya ratsa gonakin gero, ya hau da ƙafa. Zai ga gurabun ɗakuna, da ramukan niƙa da suka lotsa a jikin dutse, da ganuwar da gamji ya tsaga a wurare biyu. Mutanen ƙauyen ba sa hana baƙo hawa, sai dai ba a hawa hannu rabbana. Kowa kan tsinci dutse a ƙasa ya kai kusurwar gabas ya ɗora, kuma ba a sauka da ko tsakuwa.

Shekarun baya wani ɗan kwangila ya zo da tifa uku, ya ce zai sayi duwatsun kufan ya fasa su a yi titi, ya faɗi kuɗi masu yawa. Mai gari ya tura shi wurin tsohuwa Tasalla, wadda zuriyar Jatau ta ƙare a kanta. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, sarki da runduna ya nemi guda ɗaya bai samu ba. Tunda ka zo, ɗauki wancan ka hau ka ɗora, ka sha ruwa, ka koma."

Tifofin suka juya ba kaya.