Yarinyar da Ta Mayar wa Alƙali Takardarsa

An ce wai a wani zamani an yi wani sarki a Birnin Ɗorawa, ana kiransa Mainasara. Ba mugu ba ne a asalinsa, ba kuma marowaci ba. Yana da rumbuna cike da hatsi, yana da gonar rake wadda ba a gama zagaye ta da ƙafa kafin azahar. Abu ɗaya ya rasa: a duk fadarsa babu sauran mai iya ce masa a'a. Sarautar ma ba cikin ruwan sanyi ya same ta ba. Da mahaifinsa ya rasu, shi da ɗan baffansa suka yi jayayya har gari ya kusa rabewa biyu, sai da aka kai magana gaban alƙali. Alƙali ya saurari shaidu, ya rubuta cewa gadon na Mainasara ne, ya buga hatimi. Ɗan baffan ya karanta, ya sunkuyar da kai, ya haye kogi da jama'arsa ya zauna can. Takardar nan ce ta raba su ba tare da an zubar da jini ba.

Alƙalin, Malam Zubairu, ya tsufa a kan aikinsa. Yana da ilimi, yana da hatimin tagulla da ya gada daga alƙalan da suka gabace shi. Shi kuma abin da ya rasa ƙarfi ne, domin ba shi da dogari ko ɗaya. In ya yanke hukunci, hannun Sarki ne ke zartarwa.

A bayan gari kuwa akwai madatsar ruwa wadda masu lambu ke dogara da ita lokacin rani. Kowace shiyya da ranarta, kuma Sarki da kansa ya sa aka tsara haka. Mai buɗe ƙofar ruwan wani talaka ne mai suna Nomau. Kowace safiya in ya ɗage katakon ƙofar, sai ya ja murya ya ce, "Ruwa ya taho," domin masu lambu su gyara magudanansu. Yana da 'ya ɗaya, Yalwa, mai shekara tara. Uwarta ta rasu tun tana goye, sai kakarta Tabawa ta raine ta. Gidan ba shi da komai sai fangali goma sha biyu na albasa, amma Yalwa ba ta san sun rasa wani abu ba, tunda kullum muryar babanta ce ke gaya mata gari ya waye.

Wata shekara rani ya tsananta, ruwa ya ja baya. Ran wata Talata, ranar masu albasa, barorin Sarki suka zo suka ce a juya ruwa zuwa gonar rake.

Nomau ya ce, "Ku gaya wa Sarki, Allah ya ba shi nasara, ranarsa Alhamis ce. Shi ya tsara, ni tsaro kawai aka ba ni."

Kafin maganar ta isa fada an ƙara mata gishiri. Aka ce Nomau ya ce Sarki ya bi layi kamar kowa. Kafin la'asar yana kurkuku.

Bayan kwana uku aka kawo shi gaban alƙali da laifin raina Sarki. Malam Zubairu ya tambayi barorin ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka karanto tsarin rabon ruwa, ya ce bai ga laifi ba a wajen mutumin da ya tsare umarnin Sarki. Ya rubuta takardar saki, ya buga hatimi. Amma aka ce sai an mayar da Nomau kurkuku tukuna, a sallame shi daga can. Gwiwoyin Tabawa ba sa kai ta nesa, don haka Yalwa ce ta karɓi takardar, ta ruga da gudu har bakin ƙofa.

Yari, mai tsaron kurkuku, ya juya takardar, ya shafa hatimin da yatsa. Ya ce, "Takarda ta yi kyau, 'yata. Hatimin ma na gaske ne. Sai dai an ce a dakata tukuna."

"Wa ya ce, Baba?"

"Wanda ya ce bai bar sunansa ba. Ki dawo gobe."

Ta dawo gobe, ta dawo jibi. Kullum takan zo da tuwo a akushi, ɗaure cikin tsumma, da takardar a ninke cikin zanenta. Ba a barinta ta shiga. Yari kan karɓi akushin, bayan ɗan lokaci ya dawo da shi a wanke, an ɗaure tsumman da irin ƙullin da babanta ke yi wa igiyar ƙofar ruwa. Babu mai irin ƙullin nan a garin sai shi. Takan rungume akushin har gida, ba ta yarda a kwance ƙullin sai washegari in za a zuba wani tuwon.

Tabawa ba ta faɗin sunan ɗanta, domin ɗan fari ne. Sai ta ce, "Mutumin naki ya ci?"

"Ya ci, Kaka. Ga ƙullinsa."

"To ki ci ke ma. Kin rame kamar karan dawa, in ya fito ni zai tuhuma, ya ce tsohuwa ta cinye rabonki."

Wani aka sa a madatsa, wanda ba ya kira in ya buɗe ruwa, ba ya kuma duba rana. Yalwa takan farka da sassafe ta kasa kunne, sai ta ji zakara, ta ji masu tafiya rijiya, ba ta ji abin da take jira ba. Hular babanta na nan rataye inda ya bar ta. Albasar ta fara sunkuyawa, tana ɗebo mata ruwa da ƙwarya daga rijiya, fangali biyu kawai take iya kaiwa kafin hannunta ya mutu. Takardar kuma ta fara yagewa a wajen ninki.

Ran kwana na talatin da bakwai tana zaune tana kallon takardar, sai ta tuna wani abu. Babanta ba ya shuka irin albasa sai ya gwada shi: ya ɗebi ƙwaya goma ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya jira. In bai tsira ba, sai ya mayar wa mai shi. Dokar kasuwar garin kuwa ita ce, in aka tabbatar iri matacce ne, Sarkin Kasuwa kan sa a bi gida gida a karɓo duk abin da aka auna daga buhun nan, a zubar, don kada wani ya yi asarar shekararsa. Yalwa ta tashi ta yafa mayafi.

Ta tarar da Malam Zubairu a zaurensa da hantsi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye takardar a gefen buzunsa.

"Baba Alƙali, ga takardarka na dawo da ita. Na gwada ta kwana talatin da bakwai, ba ta tsira ba. A canja mini da mai rai."

Mutanen da ke zauren suka fara dariya, amma da suka ga fuskar Malam suka daina. Malam ya san an ƙi sakin Nomau. Sau biyu yana aikawa fada a tuna wa Sarki, sau biyu ana ce masa an ji. Ya kuma san in ya fito fili ya zargi Sarki, kafin rana ta faɗi an tuɓe shi an naɗa mai saurin cewa to, Nomau kuma ya dawwama a ciki. In ya yi shiru, to shekara arba'in ya yi yana ba mutane tawada ne kawai a kan takarda.

Ya dubi yarinyar. Sannan ya ce, "Jikata, in mai iri ya ƙi canja wa babanki, ina yake kai shi?"

"Ƙara, wajen Sarkin Kasuwa."

"To ni ba ni da wata takarda sai irin wannan, hatimi ɗaya gare ni. Sai dai ki yi ƙarata. Kina iyawa?"

"Wajen wa, Baba? Ai kai ne alƙali."

"Mutum ba ya yi wa kansa shari'a. Tashi mu je."

Suka isa fada ana tsakiyar fadanci. Malam Zubairu bai nufi wurin zamansa na kusa da Sarki ba. Ya tuɓe takalmi, ya je ya gurfana a fili inda waɗanda ake ƙara ke gurfana, ya ajiye hatimin a gabansa. 

Sarki ya ce, "Malam, lafiya? Wurinka yana nan."

"Allah ya ja zamanin Sarki, yau ba wurina ba ne. An yi ƙarata, ga mai ƙara nan. Ta ce na ba ta mataccen kaya. Ni da ita mun yarda Sarki ya raba mu."

Sarki ya yi murmushi, yana tsammanin abin raha ne. Ya ce yarinya ta faɗi ƙararta. Yalwa ta faɗa: sunan babanta, da kwanakin, da abin da Yari ke ce mata. Da ta ambaci Nomau, murmushin Sarki ya ɗauke.

Malam ya ce, "Ban musa komai ba cikin abin da ta faɗa. Tambaya ɗaya ce a gaban Sarki: hatimin nan yana da rai ko ya mutu? In ya mutu, yarinya ta yi gaskiya, ni ne mai laifi, a hukunta ni. Sai dai a bi dokar kasuwa, a karɓo duk abin da aka auna daga buhun. Mutum talatin da ɗaya ke kurkuku a kan takardar da ke ɗauke da hatimin nan, har da masu fashi huɗu. A buɗe musu. Iyakar gonaki, da gadon marayu, da igiyar aure, duk a kwance. Akwai kuma wata takarda da na rubuta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wadda wani bawan Allah ya karanta ya haye kogi. Ita ma daga buhun take. Sai a aika masa cewa ba ta tsira ba."

Waziri ya zabura. "Ranka ya daɗe, tsufa ya taɓa Malam. A sauke shi a huta, a naɗa wani."

Malam ya ce, "A sauke ni, Waziri, dama na gaji. Amma hatimin ba nawa ba ne, wanda zai zo shi zai ɗauka. Yarinyar nan kuma za ta zo masa da tambayarta, na ga alama ba ta gajiya."

Sarki ya gyara zama. Ya dubi tsohon da ke gurfane a ƙasa, wanda babu wanda ya tilasta masa gurfana. Ya dubi gabas, wajen da kogi yake. Sannan ya ce, "In kuwa yana da rai fa?"

"In yana da rai, ranka ya daɗe, yarinya ta faɗi shari'a, ni na kuɓuta. Kayana lafiya lau ne. Sai a nemi abin da ya hana shi tsirowa."

Sarki ya miƙa hannu aka ɗauko masa takardar. Ya buɗe ta a hankali saboda yagewar, ya karanta har ƙarshe. Ya ce, "Hatimi yana da rai. Yarinya, ƙararki ta faɗi. Malam bai cuce ki ba." Sannan ya ƙara da murya ƙasa ƙasa, "Abin da ya danne shi, ni ne. A kai wa Yari. Daga yau kuma in takarda mai hatimin nan ta je ƙofa, kada a sake jiran bakina."

Yalwa ba ta ji ƙarshen maganar ba. Abin da ya shiga kunnenta kawai shi ne ta faɗi, sai ta fashe da kuka. Malam Zubairu ya dafa sanda ya miƙe, ya kama hannunta. "Taho, jikata. Da kin kayar da ni, da kin yi asara. Taho ki ga abin da faɗuwa ta ba ki."

A bakin kurkuku Yari ya karɓi takardar da ya riga ya haddace, bai ko duba ta ba, ya zare sakata. Nomau ya fito yana kare ido daga rana, ya rame, gemunsa ya yi furfurar da ba shi da ita a da. Yalwa ta tsaya kamar ba ta san shi ba, sai da ya ce, "Uwata, ina akushina?" sannan ta faɗa jikinsa.

Albasar ba ta dawo ba, fangali biyu kawai suka tsira cikin goma sha biyu. Kwana talatin da bakwai ɗin ma babu hukuncin da ya mayar musu da su. Amma washegari da sassafe Yalwa tana kwance ta ji murya daga bayan gari, ta ɗan dushe, tana ja kamar da: "Ruwa ya taho." Tabawa ta juya fuska bango don kada a ga idonta.

Har yau akwai masu tsayuwa a bakin ƙofofi da irin takardar nan a hannu, suna jiran wanda bai bar sunansa ba ya ce a buɗe. Allah ya haɗa su da irin tsohon nan. Masu hankali sun ɗauki darasi daga labarin: mai mulkin da ya ƙi hukunci ran da ya taɓa shi, da hannunsa yake kashe hukuncin da ya zaunar da shi a kan sarauta.

Yalwa ba ta kai ga wannan dogon tunani ba a lokacin. Abin da ta gane shi ne, takardar tana da rai tun ranar farko, kuma babanta bai fito ba sai da Sarki ma ya yi mata biyayya.