Kafintan da Ba a Ganin Hannunsa

Akwai wani mai zane a nan Osaka, sunansa Kuramochi Ryosuke. Aikinsa ƙirƙiro jaruman gem ɗin faɗa, irin wanda mutum biyu ke zama suna danna maɓalli, jarumansu na jibgar juna a allo. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Matsalar ita ce shi ma ya san haka, kuma abin ya hau masa kai.

Kamfaninsu ƙarami ne, suna haɗa sabon gem mai jarumai goma sha biyu. Sha ɗaya sun samu shiga, gurbi ɗaya ya rage. Ryosuke ya ƙwallafa rai a kan gurbin nan, domin jarumin da ya zana marigayi mahaifinsa ne, kafinta mai gina gidajen katako. Wata takwas ya yi a kansa. Ya sa masa rigar biki mai faɗin hannu, wadda tsohon ke sanye da ita a hoton da ke falonsu, da zanen igiyar ruwa da kifaye har bakin hannun riga.

To, a kamfanin akwai al'ada. Kafin a amince da jarumi, sai a shafe shi baƙi ƙirin, ba fuska ba launi, a manna a bango, a ga ko inuwar kaɗai za ta nuna wane ne da abin da yake shirin yi. Ryosuke ya ce shi ya wuce wannan.

"Wata takwas ina zuba launi, sannan in kwaɓe shi da baƙi? Ai wannan na 'yan koyo ne, Oga."

Shugabansu, Tsujimoto, mutum ne mai gudun hayaniya. Ya sosa ƙeya ya ce, "Shi ke nan. Mu kai shi gidan gem Asabar da Lahadi, jama'a su gwada. Litinin zan yanke hukunci, ko ya shiga ko a ajiye shi."

Ranar Juma'a da yamma Ryosuke ya biya ta wajen mahaifiyarsa ya nuna mata zanen. Ta sa tabarau, ta duba sosai.

"Kai, ya yi kyau. Wane ne?"

Ya yi dariya, a zatonsa tsokana ce. Ita kuwa ta koma yankan kabejinta. Ya tsaya sororo da takarda a hannu. Matar da ta yi shekara arba'in da mutum, a ce ba ta gane shi ba? Ya ɗora laifin a kan tsufa ya tafi.

Gidan gem ɗin na wata dattijuwa ne, Goggo Fumie. Shekara talatin tana zaune a kujera ɗaya a bakin ƙofa da mafici a hannu, idonta ya raunana, bakinta kuwa bai san rauni ba. Aka kafa na'urar a can ƙurya, aka ajiye littafi da biro a gefe don masu wasa su rubuta ra'ayinsu.

Da farko Ryosuke kamar ya yi tsalle. Duk wanda ya zauna, kafinta yake zaɓa. Sai dai ba wanda ya zaɓe shi sau biyu. Wanda aka cinye ya tashi da ɗaure fuska, wanda ya ci ma ya tashi da ɗaure fuska.

"Kai, da me ka buge ni?" in ji wani ga abokinsa.

"Oho! Ni ma da na buge ka ban sani ba."

Ryosuke ya kira masu haɗa na'ura a waya, suka ce komai lafiya lau. Ƙarfin dukan daidai, saurin daidai. Ya buɗe littafin ra'ayi ko zai ga bakin zaren. "Rigar ta haɗu." "Zanen ya burge ni." Wani ma cewa ya yi, "A ina ake sayar da irin rigar nan?" Kun dai san halin mutanenmu, gara su yabe ka har ka faɗa rami da su ce maka ga rami nan. Yabo shafi huɗu, amma jarumi na zaune ba mai taɓa shi. Kansa ya ƙara ɗaurewa.

Zai fita ke nan Goggo Fumie ta tare shi da mafici.

"Ɗan nan, wancan buhun shinkafar naka ne?"

"Wane buhu, Goggo?"

"Mai kifi a jiki."

Ransa ya ɓaci. "Goggo, ki canja tabarau," ya ce, ya wuce abinsa.

Lahadi ta fi Asabar muni. Har azahar mutum uku kacal suka zaɓi kafinta, ɗaya ma bisa kuskure. Ryosuke ya zauna a dakali a waje, soyayyen abincin nan takoyaki da ya saya ya huce a cinyarsa. Gobe Litinin. In aka ajiye jarumin, mahaifinsa zai koma cikin durowa, shi kuma har yanzu bai san laifin da ya yi ba. Gaskiya ya ba ni tausayi, duk da girman kansa.

Can dai ya miƙe, ya je gaban tsohuwar yana murza hannu.

"Goggo, jiya me ya sa kika ce buhu?"

"Au, yau kunnen ya buɗe? Zauna a kujerata. Cire tabaran nan da ke idonka."

Ya zauna, ya cire. Daga nan allon ya zama dishi-dishi. Wasu mutum biyu na fafatawa da sauran jarumai.

"Wancan dogon zai kai ƙafa," in ji ta. Ƙafa ta tafi. "Gajeren zai duƙa ya kamo shi." Ya duƙa ya kamo shi.

Ryosuke ya saki baki. Ta ɗaga murya ta sa ɗayan ya zaɓi kafinta.

"To, faɗa min me naka zai yi."

Ya ƙura ido. Wani abu mai faɗi ya girgiza, abokin faɗa ya zube. Ba hannu, ba gwiwar hannu, rigar ta haɗiye komai.

"Ka gani? Mai wasa ba shi da lokacin kallon kifinka. Ƙiftawar ido gare shi ya hango hannu ya tare. In bai ga hannun ba, ba faɗa aka yi da shi ba, zaluntarsa aka yi."

"Amma Goggo, ba zan iya cire rigar ba. Ta babana ce. Kafinta ne."

Ta dube shi sheƙeƙe. "Kafinta? A wane gari ka taɓa ganin kafinta yana feƙe katako hannun riga na reto?"

Ya tuna safiyar kowace rana yana yaro: tsohon zai ciji bakin igiya da haƙori, ya zagayo da ita ta bayan kafaɗu, ya ɗaure hannayen rigar tamau, sannan ya ɗauki guduma. Rigar nan a sake, sau ɗaya a shekara yake sa ta, ranar biki. Ashe hoton bango ya zana wata takwas, ba mutumin da ya rene shi ba.

Ya rusuna mata har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Tashi, kana tare min ƙofa," in ji ta.

Litinin da safe Ryosuke ya manna takarda ɗaya a bangon ofis, baƙa ƙirin. Hannun riga a ɗaure, damatsa a waje, kafaɗar dama ta ɗan karkace irin ta wanda ya yi shekaru yana saɓa katako, ga bakin igiya a haƙori. Tsujimoto ya hango ta tun daga ƙofa.

"Wannan da hannun dama zai kawo duka, daga sama."

"Haka ne, Oga."

"Ya shiga. Amma masu motsa zane za su sake aikin wata huɗu saboda kai. Ka bi su tebur-tebur ka ba su haƙuri."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum tara, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da yamma ya biya gida, ya ajiye takardar a kan tebur ya shiga wanke hannu. Da ya fito sai ya tarar da mahaifiyarsa tsaye da butar shayi, ko tabarau babu a idonta, hawaye na bin kuncinta.

"Ryosuke," ta ce, "yaushe ka zana babanka?"

Darasi: Duk iyawarka, kada ka raina ƙa'idar da ka tarar ana bi, kuma kada ka raina mai faɗa maka gaskiya don ba ta zo da zaƙi ba. Yabo shafi huɗu bai ceci Ryosuke ba, maganar tsohuwar da ya ce ta canja tabarau ce ta cece shi. Tura wa wani gwanin da ka sani, ko zai saurara tun kafin tasa Litinin ɗin ta zo.