Ɗorawar Baba Jatau da Zumar da Ta Dawo

Gwaggo Delu ce ta ba mu wannan labarin, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta ce mu saurara da kyau, don sai mun yanke hukunci.

Wani tsoho ne mai zuma, Baba Jatau. Shekara huɗu amyarsa na rataye a kan ɗorawa, ko ƙuda ɗaya bai shiga ba. Balbela ta daina bin shanu, malam-buɗe-littafi sai a ba yara labari, furen kabewa ya buɗe ya zube ba ɗa. Tsohon ya rame don baƙin ciki. Sai ya kira 'ya'yansa uku, Ilu da Mati da Barau, ya ce wanda ya dawo masa da zuma, ɗorawar nan tasa ce. Daga ranar ko tuwo ba sa ci a kwano ɗaya.

Ilu, babbansu, ya lura matattun ƙudan zuma sun fi yawa bayan feshin wake. Ya bi gida gida yana roƙon manoma su bar feshi in wake na fure. Aka zage shi, har aka tura shi cikin kunyar gona, amma suka bari.

Mati ya ga rani ne ke korar ƙudan. Ya shuka riɗi da zogale a gefen rijiya, ya jera kasake da ruwa, ya sa tsinke a ciki kada ƙudan su nutse. Wata bakwai bai yi fashi ba. Tsuntsaye ma suka fara sauka.

Barau kuwa ya gano tsohuwar amyar ta ɗauki warin magani. Ya saƙa sabuwa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta yadda kakansu ke yi. Wajen ratayewa ya faɗo, ƙafa ta karye.

Da damina ta tsaya, zuma ta cika amya. Baba Jatau ya lasa, ya yi hawaye, ya nemi tuwo.

"Yaya, kai fa surutu kawai ka yi," in ji Mati.

"Ba don surutuna ba, gawa za ka shayar," in ji Ilu.

Barau ya ɗaga sandarsa: "A bakinku suka sauka ko a amyata?"

Ga shi kuma ɗorawa ba ta rabuwa uku.

Gwaggo ta kakkaɓe ɓawo daga zaninta ta dube mu. To, ku da kuka ji, wa za a ba ɗorawar nan?