Wace Kwata, Inna?

Akwai wani dillalin shanu a Mabera, cikin garin Sakkwato, ana kiransa Alhaji Bilyaminu. Ɗan mahauta ne gaba da baya. Ubansa fawa ya yi har ya koma ga Allah, shi kuma ya tashi daga riƙe ƙafar saniya a wajen fiɗa har ya kai ga loda shanu a tirela zuwa kudu. Wajen kyauta kam ba a magana, hannunsa a sake yake.

Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba: Alhaji ba ya bari a kai ƙarshen magana. Kana buɗe baki ya riga ya san abin da za ka ce. Kafin ka gama "ina kwana" ya amsa maka har da lafiyar iyali. An ce wani likita ya taɓa miƙa masa biro ya ce, "Alhaji, tunda ka san ciwon, rubuta wa kanka maganin."

Da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, sai Alhaji ya ce kansila yake so. Ba don abin duniya ba, yana da abinsa. Burinsa kawai a kira shi "Honorabul" kafin ya bar duniya. Fostarsa ta rufe kowane bango. Abokin takararsa kuwa wani malamin firamare ne, Malam Sa'ad, mai yawon kamfen a kan tsohon babur. In aka ambace shi, Alhaji dariya yake yi har hularsa ta karkace.

To, a gangaren mazaɓar akwai wani layi, Layin 'Yar Tsamiya. Wata babbar kwata ta ratsa shi, ita ce hanyar ruwan unguwar gaba ɗaya. Shekara da shekaru ana zuba mata shara, ledar fiya wata, tsummoki, har da matacciyar katifa, sai da ta toshe ta koma juji. Da an yi ruwan sama sai ya rasa hanya, ya faɗa gidajen mutane.

Akwai wata dattijuwa mai tuyar masa a layin, Nana Hauwa, ƙawar marigayiya mahaifiyar Alhaji. Ita ce ta bi gida-gida ta tara mata, suka yanke shawara: bana ba atamfa, ba sabulu, ba taliya. Ranar Asabar za a yi gayyar yashe kwata. Duk ɗan takarar da ya zo ya shiga aikin, ya kuma yi alkawari a gaban jama'a zai tsaya a gina ta, shi ke da ƙuri'arsu da ta mazansu da ta 'ya'yansu. Kowa kuma ya san inda layin nan ya karkata, can kujerar take tafiya, don matansa ba sa fashin zaɓe.

Suka ɗauki mayafai suka hau tudu, gidan Alhaji. Ya tarbe su da lemo da fara'a. Bayan gaisuwa Nana Hauwa ta gyara zama.

"Bilyaminu, mun taho kan maganar kwata. Ka san dai halin da…"

"Kwata!" Alhaji ya buga ƙirji. "Inna, ni za a gaya ma kwata? Ai cikin kwata anka haihe ni!"

Nana Hauwa ta dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah. Ni dai a sanina ɗakin uwarka anka haihe ka, don ni na yanke maka cibiya."

"Salon magana ne, Inna. Na san komi. Ta lalace, ƙazanta ta yi yawa, ga wari, ga ƙudaje. Ko ba haka ba?"

"Awo, wallahi haka ne," matan suka amsa baki ɗaya.

"To ku bar min. Wace rana kunka sa?"

"Asabar da hantsi. Muna so ka taho da…"

"An gama! Ku tashi ku tahi, Asabar za ku ga aiki."

Jama'a, kun dai san kwata biyu ce a bakin Bahaushe. Akwai kwatar da ruwa ke bi, akwai kwatar da ake yanka dabbobi. Matan nan ta ruwa suke nufi. Shi kuwa ɗan mahauta, tunda yake, in an ce kwata ba abin da ke zo masa a rai sai wuƙa da ƙugiya. Gidansa a kan tudu yake, motarsa ba ta taɓa bin gangare ba. Har ya ji daɗi a ransa, wai matan unguwa sun damu da tsabtar naman da suke ci.

Matarsa Ni'imatu tana jin komai daga ɗaki. Da baƙin suka fita ta leƙo.

"Alhaji, anya kwatar da su Inna ke nufi ba ta…"

"Ke Ni'imatu, siyasa ba miya ba ce. Bar wa masu ita."

Ta koma ɗaki, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ranar Asabar tun da safe Alhaji ya sa farar shadda mai sitaci, ya nufi wata tsohuwar kwata can bayan gari inda ubansa ya yi sana'a. Kai, an yi aiki! Aka wanke daɓe, aka shafa fenti, aka raba sababbin wuƙaƙe. Ya sa aka kayar da wani bajimin sa. Makaɗan kalangu suka saki kiɗan mahauta, Alhaji ya manta da girma ya taka rawa har da juyi. Sarkin Fawan wurin sai da ya share hawaye, ya ce rabonsu da ganin ɗan halak irin wannan an daɗe.

Can Alhaji ya waiga. "Wai ina matan da sunka gayyace ni?"

"Mata kuma? Mi za su zo yi nan, Alhaji?" in ji Sarkin Fawa.

"Kunya ce. Ka san mata. A zuba naman a fanteka, ni zan kai musu da kaina."

Bayan azahar aka loda fantekokin nama a bayan a-kori-kura, makaɗa suka ɗare sama, Alhaji na gaba yana ɗaga hannu. Suna hanya hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin su iso Layin 'Yar Tsamiya ya tsagaita, amma layin ya zama tafki. Ba ka gane ina hanya, ina rami.

Ga jama'a kuwa cike, maza da mata, kowa jiƙe sharkaf, da shebur da manjagara da baro. Tun hantsi suke yasa, sun ci rabin aikin ruwa ya tsayar da su. Da suka hango mota sai suka hau ɗaga hannu suna ihu, "Tsaya! Tsaya!"

Alhaji ya washe baki. "Kun gani? Tarba ce wannan. A ƙara wa kalangu wuta!"

Ya buɗe ƙofa, ya tattare babbar riga, ya sauko. Wani magidanci ya ƙwala masa kira, "Alhaji, kar ka taka nan, akwai…"

"Na sani!"

Zundum!

Wallahi da jiya ne ya taka wurin, iyakarta idon sawu, don shara ta cike shi. Amma yau an yashe shi tas. Alhaji ya nutse har ƙirji a cikin baƙin ruwa, babbar riga ta buɗe a sama kamar lema. Hularsa ta kama hanya ta bi ruwa da gudu, har wata mata ta ce, "Alhamdu lillahi, kwata ta fara aiki!" Makaɗan da ke bayan mota ba su ga abin da ya faru ba, suna nan suna zuba kirari, "Bijimi ɗan bijimi, wanda ba ya faɗuwa!"

Wani mutum mai naɗaɗɗen wando, caɓo har wuya, ya miƙo masa ƙotar shebur ya jawo shi waje. Sai da Alhaji ya share fuska ya gane Malam Sa'ad ne.

Nana Hauwa ta matso a hankali, ta riƙe ƙugu.

"Sannu da zuwa kwata, Bilyaminu. Tun hantsi muke jiranka. Yanzu kam in ka ce cikinta anka haihe ka, ba ni musu."

Layi ya kwashe da dariya. Alhaji ya dubi ramin, ya dubi tulin sharar da aka fitar, ya dubi fantekokin namansa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Inna… wagga kuke nufi?"

"Awo. Shi wanga malami da munka je wurinshi, shiru ya yi har na ƙare. Sannan ya ce, 'Wace kwata, Inna?' Na kama hanya na gwada mishi. Shi ke nan fa, ɗana."

Ta nuna wa Alhaji wani gida da aka kare da tsohon kwano da zana. Ta ce nata ne. Damunar bara ruwa ya kayar da katangar, ya tafi da akuyarta da geron da ta ajiye, sai a gidan maƙwabta ta ƙarasa damunar. Abin da ta je gaya masa ke nan ranar.

Alhaji ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya saurara har ta kai aya. Kunya ta kama shi, irin wadda ta fi ta faɗawa kwata zafi. Matar da ta yanke masa cibiya ta kwana a gidan mutane, shi yana kan tudu bai sani ba, kuma da ta zo da bakinta ya tare ta da lemo da surutu.

Naman dai bai yi asara ba. Matan suka ce sun gode, dama ma'aikata na jin yunwa. Aka ɗora tukwane, kowa ya ci ya yi nak. Malam Sa'ad har da ƙari.

Ranar zaɓe mahautan bayan gari suka cika mota suka zo don su rama alheri. Aka duba katinsu, kaf ɗinsu 'yan wata mazaɓa ne. Suka sha fura suka koma. Matan 'Yar Tsamiya kuwa suka yi layi tun safe, suka cika alkawarinsu. Malam Sa'ad ya zama kansila.

Alhaji ya gina wa Nana Hauwa katangarta, ba tare da kalangu ba. Amma "Honorabul" ɗin nan da ya ci buri bai samu ba. Sunan da ya samu shi ne Alhaji Kwata, har 'yan kabu-kabu masu haya da babur da shi suke kwatancen gidansa.

Ni'imatu ta ce yanzu abin har ya so ya yi yawa. Kwanan baya ta ce masa, "Alhaji, a kawo tuwo?" Ya jira ya tabbatar ta gama. Sannan ya ce, "Wane tuwo?"

Darasi: Wanda bai iya sauraron mutane har su kai ƙarshen maganarsu ba, bai isa ya wakilce su ba, komai yawan kyautarsa. Tambaya ba ta rage girma. Ku kuma masu ƙuri'a, ku riƙe ta sai ga wanda ya san inda ruwa ke shigo muku. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman wancan abokin naku mai cewa "na sani" tun ba ku buɗe baki ba.