Manomin da Ya Cire Dutse Ɗaya

Akwai wani mutum, manomin rani, wanda gonarsa ta albasa take can ƙarshen magudanar ruwa. Gonaki goma sha biyu ne suke shan ruwan nan tun zamanin kakanni, kowa da ranarsa. Ana nan sai wani attajiri ya sayi gonar da ke bakin rafi, ya dasa ayaba, ya sa aka jera duwatsu aka toshe magudanar, ruwa duka ya koma wajensa. Ya kuma ajiye mai gadi, wani ƙato mai suna Dogara, da sanda a hannu.

Manoma suka kai kuka wurin mai unguwa, aka ce su dakata, ana dubawa. Kwana goma ana dubawa, har ganyen albasa ya fara kwanciya.

Sai Habila, wan manomin, ya zo da adda a kafaɗa, ya ce maza sun shirya, za su sare ayabar nan duka, mai gadin kuma su karya shi. Matar manomin, Rifkatu, ta riƙe mijinta tana roƙo ya haƙura ya bar wa Allah, gara a rasa albasa da a rasa shi.

Mutumin ya rasa inda zai sa kansa. In ya bi wansa, jinin Dogara za a zubar, alhali shi ma ɗan ƙwadago ne mai iyali. In ya bi matarsa, yaransa za su sha yunwa, azzalumi kuma ya ƙara samun ƙarfin gwiwa. Ya yi addu'a, bai ji amsa ba.

Da safe ya tashi hannu wofi ya nufi rafi, shi kansa bai san abin da zai yi ba. Ya gai da Dogara, ya tambayi lafiyar gida, sa'an nan ya ce, "Yau ranar ruwana ce." Ya sunkuya ya cire dutse ɗaya.

Dogara ya zabga masa sanda a gadon baya. Mutumin ya ɗago, dutsen yana hannunsa, ga goshin Dogara a gabansa. Ya daɗe a haka. Sai ya ajiye dutsen a gefe, ya koma gida.

Habila ya ce masa matsoraci. Rifkatu tana gasa masa baya da ruwan zafi tana cewa neman fitina yake yi. Manomin ya ce wa wansa, "Yaya, ni ma ban gane ba. Na dai san ba zan iya dukansa ba, ba kuma zan iya zama a gida ba."

Kashegari ya koma, ya cire dutse, ya sha sanda, Dogara ya mai da dutsen. Haka rana ta uku. Albasa tana ta bushewa, shi kuwa a hanya yana tambayar kansa ko biyayya ga Allah yake yi, ko wauta ce kawai. A rana ta huɗu Dogara ya daka masa tsawa ya ce, "Kai, me ya sa ba ka ramawa? Rama mana, in san abin da nake yi."

Wata tsohuwa gwauruwa mai gonar tumatir ta ga bayan manomin, washegari ta bi shi. Wasu biyu suka bi ta. A rana ta bakwai dukan manoman suka fito, har da Habila, wanda ya bar addarsa a gida yana gunaguni. Kowa ya sunkuya ya kama dutse ɗaya. Dogara ya ɗaga sanda, ya ga tsohuwar ce a gabansa, sai ya sauke hannu ya ce, "Ɓarayi aka ce in kora. Ban ga ɓarawo a nan ba." Ya koma gindin bishiya ya zauna, ruwa ya wuce.

Attajirin ya zo a fusace tare da mai unguwa, yana neman abin da zai kama su da shi. Ba a taɓa ayaba ko ɗaya ba, mai gadinsa ko ƙwarzane babu. Rauni kaɗai da aka samu a wurin yana bayan manomin. Mai unguwa ya duba ya sunkuyar da kai, ya ce a koma rabon ruwa yadda yake dā.

Amma rabin albasar mutumin ta riga ta mutu, kafaɗarsa kuma ba ta ƙara komawa daidai ba. Habila bai daina cewa da adda an gama a rana ɗaya ba, ƙanensa kuwa bai taɓa iya ba shi amsar da ta gamsar da shi ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: ruwan shi ne hakkin da Allah ya ba kowa, duwatsun kuma zalunci ne. In an danne mu, a gona ko a kasuwa ko a wurin aiki, murya biyu muke ji, ɗaya ta ce rama, ɗaya ta ce yi shiru. Ubangijinmu Yesu bai bi ko ɗaya ba. Ya faɗi gaskiya a gaban masu iko, bai kuwa ɗaga wa kowa hannu ba. Ramuwa takan ba azzalumi hujjar da yake nema, shiru kuma yakan bar masa ruwan.

Kada ku yi tsammani hanyar nan ba ta da ciwo, ko kuwa za ku gane kome kafin ku fara. Manomin nan a rikice ya tafi, a rikice ya dawo. 'Yan'uwa, akwai magudanar da aka toshe wa wani a unguwarku. Ku je da rana, kowa yana gani, ku gai da mai gadin, gama shi ma Allah ne ya yi shi. In dutsen ya zo hannunku, ku ajiye shi a gefe.