Sallamar Waken Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga kan dutse ta gangaro!

Ta ƙaraso mu ji ta.

A ƙwanƙolin wani dutse akwai tsiro mai shuɗin fure irin na wake. Ba mai shuka shi. Da rani ya bushe, da damina ya farfaɗo daga saiwarsa. Waken dutse ake ce masa.

Rema, sarkin kunya, ya fito neman wansa da ya ɓace tun bara. Tsohuwar Hankaka ta tare shi, ta ce, "Jikana, in ka ji sallama daga kwanson waken nan, kada ka amsa."

Da rana tsaka ya isa ƙwanƙolin dutsen. Ko iska babu, amma busasshen kwanson sai kacau-kacau yake yi.

"Salamu alaikum," in ji kwanson, da muryar wansa sak.

Rema ya tuna gargaɗin Hankaka, ya kau da kai.

"Haba ƙanena! Ni da na girme ka, in yi maka sallama ka share ni? Haka Inna ta rene mu?"

Kunya ta rufe Rema. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wa alaikumus salam, Yaya."

"Yawwa, zauna. Na daɗe ni kaɗai."

Rema ya yunƙura zai ruga, ƙafafu suka ƙi ɗaguwa. Ashe sun nutse a ƙasa, har sun fara saiwa.

Da damina ta zagayo, sai ga sabon fure kusa da tsohon, kansa a sunkuye.

Ku yi shiru! Wa nake ji yana sallama a zaure?

Ƙurunƙus kan rema, wanda ya amsa shi ya sani.