Alhaji Mudi da Ɓaraguzan Gidan Gado

A unguwar Sabangali an yi wani ɗan kasuwa, Alhaji Mudi, wanda Allah ya jarrabta da ƙin tsohon abu. Masu ƙarin gishiri suna cewa ko shayi ba ya sha sai an rantse masa yau aka sayo butar.

Da ya rushe gidan da ya gada don ya gina na zamani, ɓaraguzai suka taru tsibi guda: jan bulo, fasasshen siminti, kwano, ƙofofin katako. Yayarsa Adama, wadda katanga ce kawai tsakaninsu, ta leƙo.

"Mudi, cike filinka da wannan kafin ka ɗora harsashi. Ka san halin layinmu da damina. Abin da ya rage ka ba maƙwabta."

"Haba Yaya! A ce Alhaji Mudi ya yi gini a kan shara? Kalas, magana ta ƙare, a kwashe!"

"To, sarkin sabo. Allah ya kai mu."

Ya sa motoci suka zubar da komai can bayan gari. Amma a garin da dutse ya fi nama wuyar samu, wa zai bar fasasshen bulo a daji? Adama ta yi wa mutanen layi raɗa. Mota na kaiwa, amalanke na dawowa. Kowa ya cike tsakar gidansa, ya ɗaga dokin ƙofa. Telan layi ma ya samu kwanon rumfa. Alhaji in ya zo wucewa sai ya toshe dariya da hannun riga.

Gida ya kammalu fari fat. Ya sa ranar walima, ya gayyato abokan cinikinsa har daga garin Kuseri da ke tsallaken kogi, don su gani su je su ba da labari.

Ana gobe walima, da la'asar, hadari ya haɗo. Shi kuwa ruwa bai san Alhaji ba, gangare ya sani. Layi duk ya ɗaga, gida ɗaya ne ya rage a kwari. Ruwan unguwa kaf ya yi sallama a falonsa. Da safe kwaɗi sun riga baƙi zama, har an ce wata tarwaɗa ta taso daga kogin Shari don ta ga fenti.

Baƙi suka bugo waya cewa sun haye gadar Ngeli. Alhaji ya naɗe wando, ya ratsa ruwa zuwa gidan Adama.

"Yaya, rufa mini asiri."

"Tsakar gidana shara ce fa, Alhaji. Manyan baƙi za su zauna a kai?"

"Za su zauna. Ni ma zan zauna."

Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi, sun ɗauko tukwane a ka. Aka ci, aka sha, aka yi addu'a, aka yi dariya har da riƙe ciki. Wani baƙo ya bubbuga busasshiyar ƙasa da ƙafa.

"Ya Alhaji, wa ya yi wannan ciko mai kyau?"

Mudi ya gyara zaman hula. "Kayan duk daga wurina suka fito."

Adama ta yi guɗa sai da kwaɗin falo suka yi shiru.

Darasi: in ka rushe gini, tsaya ka tsince abin da zai moru, ka yi amfani da shi, saura ka ba na kusa. Abin da girman kai ya kira shara, shi ne tudun da za ka nema ranar da ruwa ya zo.